Yadda Ake Gwajin Retik Idan Jini Ya Yi Ƙasa: Daga Takardar Likita Zuwa Karanta Sakamako

Da wuya mako ya wuce ba a tsayar da ni da takardar gwaji a hannu ba, ko a bakin ɗakin gwajin da nake aiki a nan Jos, ko a unguwa bayan an idar da sallar isha'i. Tambayar kusan iri ɗaya ce: "Malam, likita ya ce jinin yarinyar ya yi ƙasa. PCV mun san shi. To wannan retik da ya ƙara rubutawa na mene ne? Ko mu tsallake shi mu sayi maganin ƙarin jini kawai?"

Amsata kullum ita ce kada a tsallake. PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, yana faɗa maka jini ya ragu, iyakarsa ke nan. Retik kuwa yana ƙirga ɗanyun jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ɓargo ya sako jiya ko yau, ba su gama nuna ba. Jar ƙwaya tana rayuwa kamar kwana 120, don haka kullum jiki yana maye gurbin kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin, wato waɗanda suka tsufa. Idan jini ya yi ƙasa kuma sababbin ƙwayoyi suna ta fitowa, ɓargo lafiyarsa lau, jinin ne yake zuba ko yake fashewa a wani wuri. Idan kuwa jini ya yi ƙasa kuma sababbin ba sa fitowa, matsalar tana can inda ake ƙera jinin. Maganin wannan daban, maganin wancan daban. Ga yadda ake bi.

1. Fara duba ko akwai lokacin jira

Kafin maganar kowane gwaji, dubi mara lafiyar. Idan yana haki yana zaune, zuciya na bugawa da sauri, tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, yana jiri idan ya miƙe, ko fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ko yaro ya ƙi nono yana ta barci, to wannan ba na zagayen ɗakunan gwaji a cikin gari ba ne. A wuce sashen gaggawa kai tsaye, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Filato, ko Jankwano, duk wanda ya fi kusa. A can za su ɗebi jinin da kansu.

Sauran matakan na wanda yake tafiya da ƙafarsa ne, wanda gajiya da kasala da jiri suka kai shi wurin likita.

2. Karɓi takarda cikakkiya

Retik shi kaɗai ba ya magana. Dole ne a yi shi tare da cikakken ƙirgen jini, wanda ake rubutawa FBC, daga jini ɗaya da aka ɗiba a lokaci ɗaya. A kan takarda za ka ga an rubuta Retic ko Reticulocyte count. Idan likita ya ƙara da blood film, wato a shafa jinin a gilashi a duba kamannin ƙwayoyin, wannan ma a yi shi, don sau da yawa shi ke warware zance.

Tun kana gaban likita, faɗa masa abubuwa huɗu ko da bai tambaya ba: ko an ƙara wa mara lafiyar jini cikin wata uku da suka wuce, ko yana shan maganin ƙarin jini, ko yana da sikila, da kuma duk wani magani da yake sha, har da na gargajiya da na kemis. Mace ta faɗi yadda al'adarta take, da ko tana da juna biyu. Na san akwai nauyi, amma likita ba zai gane jinin yana bin wannan hanyar ba idan ba a faɗa ba.

Gargaɗi: kada a yi PCV yau a wannan ɗakin gwaji, a yi retik jibi a wancan, sannan a haɗa lissafi. Lambobin ba za su hau juna ba.

3. Gwaji kafin magani, gwaji kafin ƙarin jini

Nan ne aka fi yin ɓarna, don haka zan ɗan tsaya.

Abin da muka saba shi ne, da an ce jini ya yi ƙasa sai a garzaya kemis a sayo kwalbar maganin ƙarin jini, a haɗa da maltina da madarar gwangwani, wata maƙwabciya ta kawo ruwan ugu, wata ta ce zoɓo. Bayan mako guda sai a tuna da takardar gwaji. To a lokacin ayon, wato sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin ƙarin jini, ya riga ya zaburar da ɓargo, retik ya hau. Likita zai ga lamba babba, ya yi zaton jinin fashewa yake yi ko zuba, a shiga neman cutar da babu ita, a kashe kuɗi a banza.

Ƙarin jini kuwa akasin haka yake yi. Da an saka leda ɗaya ko biyu, jinin wani ya gauraya da na mara lafiya, PCV ya hau, jiki ya ji sauƙi, ɓargo ya sassauta. Retik ya faɗi, kamannin ƙwayoyin sun sauya, har gwajin jinotayif ma yana iya ruɗewa. Na taɓa ganin wani yaro da aka kawo mana daga wajen gari bayan an ƙara masa jini sau biyu a wani asibiti, ba wanda ya ɗebi kwalba ɗaya kafin a saka ledar farko. Sai da aka jira watanni kafin a iya tabbatar da abin da ke cin jininsa. Mahaifiyarsa ta ce min, "Ɗana, ai da an faɗa mana da mun roƙa." Gaskiyarta, kuma har yau maganar tana damuna.

Saboda haka idan an yanke shawarar ƙarin jini, ka roƙa da ladabi: "Likita, don Allah a ɗebi na FBC da retik kafin a saka." Minti biyu ne, kuma dama sai an ɗebi jini don gwada dacewarsa da na leda. Amma kada ka hana a saka jini saboda jiran sakamako. A ɗiba, a saka, sakamako ya biyo baya.

Gargaɗi: idan likita ne ya ɗora ka a kan magani, kamar folik asid na masu sikila ko na masu ciki, kada ka daina don za ka yi gwaji. Ka faɗa kawai, a rubuta a jikin takarda.

4. Zaɓi ɗakin gwaji, ka yi tambaya kafin ka biya

Ba kowane ɗakin gwaji ke yin retik ba. Da yawa daga cikin ƙananan injinan FBC da ke cikin gari ba su da wannan sashen, sai dai a yi da hannu a madubin ƙara girma, ko a tura jinin wani wuri. Manyan injina irin na Sysmex da Mindray da Beckman Coulter masu sashen retik an fi samun su a manyan asibitoci da manyan ɗakunan gwaji masu zaman kansu.

Tambayoyi uku za ka yi a wurin karɓar kuɗi. A nan kuke yi ko turawa kuke yi? Da inji ko da hannu? Yaushe sakamako zai fito? Idan turawa suke yi, tambayi ƙarfe nawa jinin ke tafiya. Jinin da aka ɗiba da yamma ya kwana a kan tebur, sannan aka ɗora shi a babur washegari, ba zai ba da lamba ta gaskiya ba, domin ɗanyun ƙwayoyin suna ci gaba da nuna a cikin kwalba, ƙirgen yana raguwa. Ka kuma ɗaga kai ka duba bango: ɗakin gwaji na ƙwarai yana liƙa shaidar rajistarsa da MLSCN, hukumar da ke kula da aikin gwaje-gwajen asibiti a Najeriya.

Maganar kuɗi. Kusan ko'ina retik kuɗinsa daban ne da na FBC, kada ka ɗauka yana ciki. Na hannu ya fi sauƙin kuɗi, na inji ya fi tsada amma ya fi daidai, musamman idan ƙirgen ƙarami ne. Asibitin gwamnati ya fi araha, sai dai ka tanadi lokacin layin biya da layin ɗiban jini, ka je da sassafe. Farashi yana motsi da tsadar kayan gwaji, don haka ka sa a haɗa maka jimilla a rubuce kafin ka ciro kuɗi. Idan kana da inshorar NHIA ko PLASCHEMA ta jihar Filato, nuna katinka tun farko, ka tambaya ko sai an nemo lambar amincewa. Idan kuma aljihu bai kai duka ba, ra'ayina shi ne FBC da retik da shafin gilashi su zo a gaba. Gwajin feritin, mai auna ajiyar ayon a jiki, da na bitamin B12 sun fi tsada, kuma retik ne zai nuna ko ana buƙatarsu.

5. Ranar ɗiban jini

Ba a azumi don wannan gwajin. Ci abincinka, sha ruwa sosai. Lokacin hunturu a Jos jijiya takan ɓuya saboda sanyi, don haka ka zo da rigar sanyi mai sauƙin naɗe hannu, ka murza hannun ya yi ɗumi. Yaro kuma a lulluɓe shi har a zo kansa.

Jinin da ake bukata kaɗan ne, mililita 2 zuwa 3, bai kai cikin ƙaramin cokali ba. Ina faɗin haka ne saboda iyaye mata da ke cewa, "Jinin da babu shi za ku ƙara ɗiba?" Hajiya, wannan ɗan abin ba zai rage komai ba. Ana zuba shi a kwalba mai murfi shunayya, wadda ke da sinadarin EDTA mai hana jini daskarewa, sai a juya kwalbar a hankali sau takwas zuwa goma. Ba a girgiza ta.

Kafin ka tashi, duba da idonka an rubuta sunanka da kwanan wata a jikin kwalbar. A garin da Aisha Muhammad za su kai biyar a layi ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gargaɗi: jinin da ya daskare ko da kaɗan ne a cikin kwalba ba ya gwaduwa. Idan aka kira ka a sake ɗiba, kada ka ji haushi, alama ce ta masu kula da aikinsu.

6. Abin da ke faruwa a kan teburin gwaji

Wannan sashen na ɗalibai ne da ƙannenmu masu koyon aiki, waɗanda su ma suke yawan tambaya. Mara lafiya zai iya wucewa mataki na 7.

Kayan aiki: shuɗin rini na new methylene blue ko brilliant cresyl blue, ƙaramar kwalbar gwaji, gilasan shafi masu tsabta, man madubi, madubin ƙara girma mai ruwan tabarau na 100, da abin ƙirga. Tace rinin kafin amfani. Haɗa ɗigo biyu ko uku na rini da jini daidai wa daida. Idan jinin ya yi ƙasa sosai, ƙara jinin ya ɗan fi rinin yawa. Ajiye haɗin a zafin digiri 37 na minti 15 zuwa 20. Rinin yana shiga ƙwayar ne tana da rai, ya kama ragowar RNA da ke cikinta, shi ya sa ba a fara busar da jinin ko a zuba masa metanol.

A nan Jos kada ka dogara da zafin ɗaki. A watan Disamba da Janairu teburin gwaji yana yin sanyin da rini ba zai kama da kyau ba, sai ka sami ƙirge ƙasa da gaskiya. Yi amfani da inkubeta ko tukunyar ruwan ɗumi. Da damina kuma laima kan hana shafi bushewa da wuri, ya bar wasu ɗige-ɗige masu ƙyalli a kan ƙwayoyin. Waɗannan suna ƙyalli idan ka motsa saitin madubi, retik kuwa ba ya ƙyalli.

Bayan lokaci ya cika, sake gauraya haɗin sosai kafin ka shafa. Ɗanyun ƙwayoyi sun fi sauƙin nauyi, suna tasowa sama, idan ka ɗiba daga sama ba ka gauraya ba ƙirgenka zai kumbura. Yi shafi siriri, bar shi ya bushe a iska, ka duba inda ƙwayoyin ba su hau juna ba. Jajayen ƙwayoyi za su fito kore-kore mai haske, retik kuma da zare-zare ko ɗige masu shuɗi mai duhu a ciki. Duk ƙwayar da ba ta da cibiya kuma tana da ɗigo biyu ko fiye, retik ce. Ƙirga jajayen ƙwayoyi 1,000, ka rubuta retik nawa ka gani a cikinsu, ka raba da 10. Idan ka ga 34, sakamako kashi 3.4 ke nan.

Gargaɗi: ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, da ɗigon Howell-Jolly da ake yawan gani a masu sikila, da ɗigon Heinz da ke manne a gefen ƙwaya, duk suna iya yaudarar ido, wani lokaci har inji. Idan ka yi shakka, yi shafi na biyu da rinin Leishman ka kwatanta. Kuma kada ka ƙirga 200 ka ninka saboda layi ya yi tsawo. A ƙaramin ƙirge, kuskuren ƙwaya biyu kacal yana sauya hukuncin likita.

7. Karanta sakamako: kada lambar farko ta ruɗe ka

Ga babban mutum mai lafiya, retik yana tsakanin kashi 0.5 zuwa 2.5 cikin 100, wasu ɗakunan gwaji kan tsaya a 2. Jariri sabon haihuwa nasa ya fi haka, yakan kai 2 zuwa 6 a kwanakin farko, kuma ba ciwo ba ne. Kullum ka bi ma'aunin da ke jikin takardarka.

Sai dai wannan ma'aunin na mai cikakken jini ne. Kashi cikin ɗari kwatanci ne: idan tsofaffin ƙwayoyi sun ragu da rabi, sababbin za su yi kamar sun ninka alhali ko ɗaya ba ta ƙaru ba. Kamar aji ne mai ɗalibai 100 da sababbin shiga 2. Idan 50 suka bar makaranta, sababbin nan 2 sun zama kashi 4, amma ba wanda aka ɗauka. Shi ya sa ake gyara lambar, a hawa biyu.

Hawa na farko: ninka retik da PCV na mara lafiya, ka raba da 45.

Hawa na biyu: idan jini ya yi ƙasa sosai, ɓargo yana sakin ƙwayoyin tun ba su kai ba, sai su daɗe a jini suna ɗanyu, a ƙirga na jiya da na shekaranjiya tare da na yau. Don haka sai a sake raba amsar da wata lamba gwargwadon PCV. Daga 36 zuwa 45, raba da 1. Daga 26 zuwa 35, raba da 1.5. Daga 16 zuwa 25, raba da 2. Daga 15 zuwa ƙasa, raba da 2.5. Abin da ya fito shi ake kira RPI. Ƙasa da 2, ɓargo bai amsa kira yadda ya kamata ba. Idan ya kai 3 ko ya wuce, ɓargo yana aiki tuƙuru. Tsakanin 2 da 3 sai an haɗa da sauran bayanai.

Misali. Mace mai shayarwa, PCV 21, retik kashi 3. Da gani za ka ce ai ya ma wuce ma'auni. Yi lissafi: 3 sau 21 ya ba da 63, raba da 45 ya ba da 1.4, raba da 2 ya ba da 0.7. Ɓargonta bai motsa ba. Ga kuma yaro mai PCV 24, retik kashi 12: 12 sau 24 ya ba da 288, raba da 45 ya ba da 6.4, raba da 2 ya ba da 3.2. Nasa ɓargon yana iya ƙoƙarinsa, jinin ne ke salwanta. PCV ɗinsu kusan ɗaya, amma ciwonsu ko kusa ba ɗaya ba.

Idan inji ne ya yi gwajin, za ka ga ainihin adadin retik a kowace maikurolita, wanda a mai lafiya yake kamar 25,000 zuwa 100,000. Wannan ya fi kashi cikin ɗari amfani, don ba ya bukatar hawa na farko. Mai ƙarancin jini da adadinsa bai kai 100,000 ba, ɓargonsa bai tashi tsaye ba. Wasu injinan suna ƙara IRF, wato kason mafi ɗanyu a cikin ɗanyun, wanda ke fara hawa kafin retik kansa idan ɓargo ya soma farfaɗowa. Akwai kuma Ret-He ko CHr, wanda ke nuna yawan himogulobin, wato sinadarin da ke ba jini launin ja, a cikin sababbin ƙwayoyi. Idan ya sauka ƙasa da 28 ko 29, alama ce ayon bai isa ɓargo ba a 'yan kwanakin nan.

Wani ɗan abu game da garinmu: Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, don haka jinin mazauna yakan ɗan fi na mutanen kwari kauri kaɗan. Wanda himogulobin nasa ke bakin iyaka, wato 13 ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai ciki, bai kamata a sallame shi da "lafiya lau" ba idan yana da alamomi.

8. Idan retik ya yi ƙasa

A koma takardar FBC a dubi MCV, girman ƙwayoyin. Ƙasa da 80, ƙwayoyin ƙanana ne, kuma a wurinmu ƙarancin ayon ne kan gaba. A yi feritin, sannan a nemi inda ayon ɗin ya tafi: haihuwa kusa da kusa, al'ada mai yawa, tsutsar ciki, tsargiya, basur mai jini, gyambon ciki. Namiji babba ko mace da ta daina al'ada, idan aka same su da ƙarancin ayon, dole a binciki ciki da hanji. Ba a sallamar su da kwalbar magani kawai.

Sama da 100, ƙwayoyin manya ne, a nemi B12 da folet. Tsakanin 80 da 100, a duba ƙoda, domin ita ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya yi jini. Mai ciwon suga ko hawan jini da ya daɗe, gwajin ƙoda ya zama dole. Ciwo mai daɗewa kamar tarin fuka da HIV su ma suna danne ɓargo, haka wasu magunguna irin su zidovudine da chloramphenicol.

Gargaɗi: idan retik ya yi ƙasa kuma fararen ƙwayoyi da ƙwayoyin daskarar da jini su ma sun faɗi, wannan na likitan jini ne, a wannan makon. Kada a tsaya gwada magani a gida.

9. Idan retik ya hau

Ko jini na zuba, ko yana fashewa, ko magani ya fara aiki. Zubar jini sananne ne idan ana gani, amma baƙin bayan gida kamar kwalta shi ma jini ne. A sani cewa bayan zubar jini farat ɗaya, kamar haɗari ko haihuwa, retik ba ya hawa nan take, sai bayan kwana 2 zuwa 3, ya kai ƙololuwa wajen mako guda zuwa kwana 10. Wanda aka gwada a ranar farko, lambarsa ba ta nufin ɓargo ya gaza.

Fashewar jini tana zuwa da shawara, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu. Likita zai nemi bilirubin da LDH, da gwajin zazzaɓin cizon sauro, da jinotayif, wani lokaci da gwajin Coombs. Zazzaɓin cizon sauro yana da wayo biyu: yana fasa ƙwayoyi, yana kuma danne ɓargo, don haka retik zai iya zama ƙasa ana tsakiyar ciwo, sai bayan an sha magani ya tashi.

Akwai kuma ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyi daga fashewa, ƙarancin da ya yawaita a mazan ƙasar nan. Mutum yana zaune lafiya, sai ya sha primaquine ko dapsone ko nitrofurantoin, jini ya fashe cikin kwana biyu ko uku. Ga jarirai, kafur ɗin da ake sakawa cikin kayan haihuwa da lallen da ake shafa musu suna iya jawo haka. Gargaɗi: gwajin G6PD da aka yi retik na sama yana iya fitowa lafiya alhali akwai matsalar, domin sababbin ƙwayoyi sun fi tsofaffi yawan sinadarin. A maimaita bayan kamar wata uku.

10. Masu sikila: ku san lambarku ta lokacin lafiya

Ƙwayar jinin mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi, don haka ɓargonsa kullum a guje yake, retik nasa kullum a sama, sau da yawa kashi 5 zuwa 15 ko fiye. Wannan shi ne daidai a wurinsa. Shawarata ga kowace uwa: a yi FBC da retik ranar da yaro yake lafiya ƙalau, a rubuta PCV da retik a bangon katin asibiti, a ɗauki hotonsa a waya.

Amfaninsa yana zuwa ranar da yaro ya yi fari farat ɗaya. Idan retik ya faɗo ƙasa da kashi 1, ɓargo ya tsaya cak, yawanci saboda ƙwayar cutar parvovirus B19. A takarda lambar za ta yi kama da ta mai lafiya, wanda bai san yaron ba zai iya cewa ba komai, alhali jinin yana zubewa ƙasa kullum ba mai maye gurbi. Gaggawa ce, kuma a kula da sauran 'yan'uwansa masu sikila a gida, don cutar tana yaɗuwa. Idan kuwa retik ya hau, ciki ya kumbura ta hagu, saifa ce ta tara jinin, ita ma gaggawa ce. Masu shan hydroxyurea kuma, retik na cikin abin da likita ke dubawa kafin ya ƙara ko ya rage magani, don haka kada a tsallake ranar gwaji.

11. Maimaita gwajin bayan fara magani

Idan an ɗora ka a kan ayon, ba sai ka jira wata guda kana zullumi ba. Retik yana fara hawa cikin kwana 3 zuwa 5, ya kai ƙololuwa tsakanin kwana 7 da 10. Mai karɓar allurar B12 ma wajen mako guda ake ganin tashin. Don haka ka tambayi likita ko za ka dawo a kwana na 7 zuwa 10 a sake retik, a ɗakin gwajin da aka yi na farko, da hanyar da aka yi na farko. Himogulobin shi a hankali yake binsa, ana sa ran ƙarin kamar 2 cikin mako 3 zuwa 4.

Idan retik bai motsa ba, kafin a sauya magani a duba yadda ake shan sa. Mu mutanen Jos da shayi ba a raba mu, safe da dare, kuma shayi yana hana ayon shiga jiki, haka madara da maganin gyambon ciki mai kashe tsami. A raba su da ƙwayar ayon da awa biyu, a sha ta da ruwa ko da lemo. Bayan gida zai yi duhu, wannan ba komai. Idan tana tayar da zuciya ko tana sa bayan gida ya yi tauri, a gaya wa likita ya sauya yadda ake sha, kada a jefar da ita a yi shiru. Idan duk an kiyaye wannan kuma lambar ta ƙi tashi, to ko jinin yana ci gaba da zuba, ko hanji ba ya tsotsar maganin, ko tun farko ba ayon ne matsalar ba, sai a koma mataki na 8.

Bayan PCV ya dawo daidai, ana ci gaba da shan ayon kamar wata uku don a cike rumbun jiki. A ajiye kwalbar inda hannun yara ba ya kai, domin ƙwayoyin ayon da yawa guba ne mai kisa ga ƙaramin yaro. Takardun sakamako kuma, na farko da na biyu, a haɗa su a leda ɗaya da katin asibiti, a riƙa zuwa da su duk ranar ganin likita.